An sa biki a Nuwamba, Hajiya na son jikokinta, makaranta kuwa ba hutu

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila da matata da 'ya'ya uku. Babbar shekararta 15, bana za ta rubuta GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare, sai mai goma da mai bakwai. Da bizar aiki nake, baɗi nake sa ran neman takardar zaman dindindin. An sa bikin autarmu a watan Nuwamba, Hajiya ta ce lallai in zo da iyalina duka mu yi wata guda, don shekara huɗu rabonta da yaran. Bara mun je Umara suka rasa kwana shida na makaranta, aka ci mu tara muka biya. Yayana ya ce tara ai kuɗi ce, in biya in huta, kada in kunyata gida. Ejan ɗin da nake sayen tikiti wajensa kuma ya ce yana da wanda zai yi mini takardar asibiti daga gida cewa yaran zazzaɓi ya kama su. Na rasa barci. Me zan yi?
Uban 'ya'ya uku

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a auren, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Layi ɗaya a wasiƙarka ya fi sauran duka nauyi, kai kuma ka wuce shi kamar ba komai: bara an ci ku tara. Da wannan ne karonka na farko, da maganar yayanka tana da ɗan kamshin gaskiya. Amma tun ranar 19 ga Agusta 2024 Ingila ta koma tsari ɗaya a duk ƙananan hukumominta, kuma tsarin mataki-mataki ne. Karo na farko fam 80 ne idan an biya cikin kwana 21, in an wuce ya koma 160. Ana rubuta wa kowane mahaifi daban a kan kowane yaro daban, shi ya sa na san ko ba ka faɗa ba, fam 480 kuka biya bara in dai kun biya cikin kwana 21 ɗin. Karo na biyu a cikin shekara uku babu rangwame, fam 160 ne kai tsaye. Kai da maman yara, 'ya'ya uku, takarda shida, fam 960 ke nan. Karo na uku a cikin wannan shekara ukun ba a ma aiko takardar tara, hanyar kotun majistare ake dubawa. A can tarar tana iya kaiwa fam 1,000, in kuma aka tabbatar kana sane ka ƙyale, tana iya kaiwa 2,500 ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba.

Kada kuma ka ɗauka dole sai an bi matakan nan a jere. Ƙaramar hukuma tana da ikon tsallake tara ta kai mutum kotu idan fashin ya yi tsawo, kuma wata guda ba ƙaramin fashi ba ne. Ma'aunin da ake fara duba tara a kai kwana biyar ne kacal a cikin mako goma na karatu. Kai kana maganar kwana ashirin, sau huɗu ke nan.

Ashirin ɗin nan ma tana da nata tarkon. Yaron da ya yi kwana 20 na makaranta a jere ba izini ya shiga iyakar da doka ta yarda a fara maganar cire sunansa daga rajista, in an cika wasu sharuɗɗa. Na san iyalin da suka ƙara mako biyu a kan abin da suka tsara saboda rasuwa ta riske su a gida, suka dawo suka tarar an ba wani gurbin ɗansu. Sai da uwar ta yi zango guda tana hawa bas biyu kowace safiya tana kai shi wata makaranta a ƙarshen gari, ƙannensa kuma suna tsohuwar.

Yanzu ga inda abin ya taɓa takardunka. Tarar da aka biya a kan lokaci ba hukuncin kotu ba ce, ba ta mai da kai mai laifi a rubuce. Hukuncin kotu kuwa hukunci ne, komai ƙanƙantar kuɗinsa, kuma ka san fom ɗin zaman dindindin da na zama ɗan ƙasa suna tambaya a kai, ba a kuma ɓoyewa. Ban ce maka hukunci ɗaya irin wannan zai sa a hana ka ba. Abin da nake cewa, mutumin da ya yi shekaru yana kaffa-kaffa da bizarsa, yana ƙirga kwanakin da ya yi a wajen Birtaniya kada su haura 180 a wata goma sha biyu, bai kamata ya je da ƙafarsa ya ɗauko abin da zai sa ya biya lauya ya rubuta bayani ba.

Sai ejan ɗinka. Ka rabu da shi, har tikitin ma ka nemi wani wajen. Shi kwamishonsa a kan kujera biyar yake hange, ranar da wasiƙar ƙaramar hukuma ta iso ko wayarka ba zai ɗauka ba. Irin takardar nan na ga ƙarshenta ba sau ɗaya ba. Wata baiwar Allah ta kai wa ofishin makaranta takarda mai tambari, an rubuta 'yarta ta yi mako biyu a kwance da taifot. Ranar Litinin yarinya ta shiga aji da lalle har gwiwar hannu, malama ta yaba, ita kuma ta zauna ta ba da labarin kamu da ɗaurin aure da rawar da ta taka, har da sunan amarya. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya riƙe ƙarya, kuma bai kamata uba ya ɗora masa wannan kaya ba. Ballantana kai, 'ya'ya uku a ce duk zazzaɓi ya kwantar da su rana ɗaya, ya sake su rana ɗaya, daidai da ranar tashin jirgi? Makarantu suna buga waya tun ranar farko da yaro bai zo ba, wasu har gida suke turo mutum. Fashin makaranta laifi ne da ake biya a wuce. Miƙa takardar jabu kuwa zamba ce, kuma a harkar shige da fice babu tabon da ya fi na rashin gaskiya wuyar wankewa. Garin gyaran gira kada ka rasa ido.

Wataƙila wani zai ce maka ai yaranka ƙwazo gare su, ba sa fashi, kotu za ta duba. An riga an gwada wannan hujja. Wani uba a tsibirin Isle of Wight ya kai 'yarsa Florida a lokacin karatu a 2015, ya ƙi biyan tara, ya yi nasara a kotunan da ke ƙasa da Kotun Ƙoli, amma a watan Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta ce zuwa makaranta a kai a kai yana nufin bin ƙa'idar makarantar, ba wai yawan zuwa a jimlace ba. Tun 2013 ma aka janye wa shugabannin makarantu damar ba da kwana goma na hutun iyali da suke da ita a da. Yanzu sai dalili na musamman, a nema tun kafin tafiya, kuma shugaban makaranta ne kaɗai mai yanke hukunci. In ya ƙi kuka tafi, babu wajen ɗaukaka ƙara a kan takardar tarar.

Babbar 'yarka ita na fi ji. A Mayu da Yuni za ta zauna GCSE, makarantu da yawa kuma a Nuwamba ko Disamba suke yin jarrabawar gwaji, wadda sakamakonta ake kallo wajen neman gurbin mataki na gaba. Ita ba a tambaye ta ba a duk wannan shawarar da ake yi a kanta.

Hajiya ba ta da laifi. Uwa ce da ke kewar jikokinta, kuma a saninta hedimasta mutum ne da ake zuwa a gaishe shi a roƙi alfarma. Yayanka ne zan yi wa magana, ko da ba ya ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ba zai biya fam 960 ba, ba zai tsaya gaban majistare ba, ba shi zai cika fom baɗi ba. Kuma ina kyautata zaton cikin kuɗin da ake shirya bikin nan da su akwai guminka mai yawa. Ba daidai ba ne a ci moriyar zamanka a can, sannan a ce ka jefa zaman cikin haɗari don a ga yara a hoto. Kunyata gida da ake tsorata ka da shi, in aikinka ya taɓu wa zai riƙe gidan?

Abin yi ba shi da wuya. Ka je bikin kai kaɗai, ka yi mako ɗaya ko kwana goma, maman yara ta zauna da su. In har ba a raba katin gayyata ba, ka nemi a matsar da shi zuwa hutun ƙarshen Disamba, mako biyu ne, kowa ya samu. In ba zai yiwu ba, ka sa wa Hajiya rana tabbatacciya: hutun bazara, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kusan mako shida. Ka sayi tikitin da wuri tun bai yi tsada ba. Kana iya rubuta wa shugabannin makarantun ka faɗi gaskiya, auren ƙanwarka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka nemi kwana biyu ko uku. Wasu suna bayarwa, wasu ba sa bayarwa. Kada dai ka biya kuɗin jirgi sai amsa ta zo a rubuce, kuma kada ka yi dabarar tsayawa a kwana huɗu ba izini kana ganin ka tsira, don ƙaramar hukuma tana iya cin tarar wanda ta ga yana kewaye ma'aunin da gangan.

Maganar kuma kada ka bi ta hannun yaya ko rukunin WhatsApp na dangi. Ka kira Hajiya da kanka, bayan sallar asuba lokacin da gida bai cika ba. Kada ka fara da tara da fam, ba za su shige ta ba. Ka ce mata hukuma na iya kai ka kotu, kuma jikarta tana shekarar jarrabawar ƙarshe. Sannan ka karanta mata ranar da ke jikin tikitin bazara, ka ba yaran waya su gaishe ta.