Kafin ka zuba beto, wato kankare, fara sanin ƙasar da ke ƙarƙashi

Yarona na ga saƙonka, da hoton benen nan na Turkiyya da ya kishingiɗa gefe guda bayan girgizar ƙasa ko bangonsa bai tsage ba, kana tambaya wai maigida ya aka yi haka, kuma zai iya faruwa nan Damagaram? To saurara.

Ginin yana da ƙarfinsa, ƙasar ce ta sake shi. Gobe in ka zo shantiye, wajen aikin gini, ɗauko bokiti ka cika da rairayi mai laushi kar ka danna, ka zuba ruwa har ya kusa fitowa sama, ka aza dutse a kai sannan ka yi ta bugun gefen bokitin da hannu. Za ka ga ruwa ya taso, rairayin ya koma kamar kunu, dutsen ya nutse kana kallo. Ƙwayoyin yashi jingine suke da juna su ke ɗauke da nauyi, in girgiza ta zo sai su nemi matsewa, ruwan da ke tsakaninsu ya rasa hanyar fita nauyi ya dawo kansa, ruwa kuwa ba ya riƙe gini. Haka aka gani a Niigata ta Japan a 1964, benaye suka kwanta ɗungurungum, haka kuma a wasu wurare a girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023 wadda ta ci rayuka sama da dubu 50.

Mu nan alhamdulillah girgizar ƙasa ba ta dame mu ba, kuma kana ganin duwatsun Birni, tsohuwar unguwar garin nan, ka san akwai tauri a ƙasa. Amma fa kar ka saki jiki, ko Abuja an ji motsi a unguwar Mpape a 2018. Ni abin da ke hana ni barci ruwa ne. Ka tuna Satumban 2024 tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 ya zube bayan ruwan sama.

Yanzu gari na ƙara faɗi, sabbin filaye da yawa tsohon tabki ne ko ramin da aka ɗebi laka, aka cike da shara da rairayi aka sayar. Wani alhaji ya taɓa kirana kan irin wannan fili yana son bene, na haƙa mita ɗaya da rabi sai ga leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari, na damƙa a hannu ruwa na ɗiga, a watan Maris fa, tsakiyar rani. Na ce alhaji a kira injiniya a gwada ƙasar nan, ya ce ɓata kuɗi ne, ya ba wani. Damina biyu, ƙofofi suka daina rufuwa, tsaga daga taga har ƙasa hannu na shiga. Wallahi har yau in na bi ta wajen raina ɓaci yake, iyali ne a ciki.

Don haka kafin ka ja igiyar awon tushen gini tambayi tsofaffin unguwa ina ruwa ke kwana da damina, sun fi takardar fili sani. Ciko kuwa kwashe shi za ka yi sai ka tarar da ƙasa ta asali, in za a mayar a sa jar ƙasa santimita 20, a yayyafa ruwa a daddanne, sannan a ƙara wata. In wajen ya yi laushi da yawa ba aikin ido ba ne, injiniya ne zai ce ko shimfiɗar beto guda ƙarƙashin gidan duka ko ginshiƙai masu zurfi.

Sai ɗauri, wanda ku ke cewa shenaj, wato beto mai ƙarfe a ciki da ke kewaye gini ya riƙe bango. Na ƙasa, na kan tagogi, na sama, duk su haɗu da poto, wato ginshiƙin beto na tsaye, ƙarfe ya shiga cikin ƙarfe a kusurwa, bakin zoben nan da ke kewaye ƙarfen a lanƙwasa shi ciki sosai don kar ya buɗe. Gidan da aka ɗaure haka ko ƙasa ta motsa tare yake motsawa, mutane su samu fita. Siminti buhu 7 a mita kubu ɗaya na beto, kar ka rage ko mai gidan ya matsa maka, ka shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, da zafin nan namu safe da yamma.

Ka zo da wuri gobe, bayan gwajin bokitin za mu duba ramin gabas, ban yarda da launin ƙasar wajen ba.