Binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa: zai yiwu a Kaduna?

Tambaya: Ni mai haƙa rijiyar burtsatse ne a Rigasa. Na ji jami'o'i na bincike kan tara iskar kabon da masana'antu ke fitarwa a binne ta a ƙasa. Ba za ta ɓata mana ruwa ba? Kuma ana iya yi a Kaduna?

Amsa: Malam, kai da kake haƙa ka san ƙasa ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan batun yake. Ba rami ake tonawa a zuba ta ba. Ana matse iskar, a tura ta ta bututu zuwa zurfin da ya wuce mita 800, inda nauyin ƙasa ke sa ta yi kauri kusan kamar ruwa. Can sai ta shige cikin ƙananan ƙofofin dutsen yashi, yadda soso ke tsotse ruwa. Dole kuma a samu shimfiɗar dutsen laka a samansa wanda ba ya yoyo. Rijiyoyinku yawanci ba sa kai mita 100.

An gwada. A Sleipner, cikin tekun Norway, an fara tura iskar a 1996, kuma a shekarun farko ana tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara. A Iceland, Jami'ar ƙasar da Jami'ar Columbia ta Amurka sun narka iskar a ruwa suka tura cikin baƙin dutsen aman wuta, kuma a 2016 suka bayyana cewa sama da kashi 95 cikin 100 ya daskare ya zama dutse cikin shekara biyu.

Tsoronka kuwa yana kan hanya. A In Salah ta Aljeriya an dakatar da wani aikin binne iskar a 2011 saboda alamun cewa matsin na iya tsaga dutsen da ke rufe da iskar. Idan ta sulale ta haɗu da ruwan sha, tana sa shi tsami, ya narko ƙarafa daga duwatsu. Shi ya sa nake ganin aikin da ba a tanadi kuɗin sa ido na shekaru ba, bai cancanci izini ba.

Kaduna dai tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin na Kufena a Zariya, wanda bakin injinka ke cin karo da shi. Ba shi da ƙofofin da za su ɗauki iskar. Wuraren da suka fi dacewa a Najeriya su ne masu kaurin dutsen yashi, musamman Neja Delta, inda tsofaffin rijiyoyin mai suka riga suka nuna ƙasar na iya riƙe iskar gas.