Yaron maƙwabci ya kashe kuɗina a wasan waya: wa zai biya?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Agege. Nakan ba ɗan maƙwabcina, mai shekara 12, wayata ya yi wasa da abokansa ta intanet. Ashe katina na banki yana haɗe da wayar. Ya sayi "lu'ulu'u" da akwatunan sa'a, kayan da ake sayarwa a cikin wasan, har na naira 60,000. Mahaifinsa ya ce ba ruwansa. Ina hukunci?

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri. Uba ba ya biyan ɓarnar ɗansa don kawai shi ya haife shi, sai in shi ya sa shi. Ɓarnar yaro tana kan dukiyar yaron.

Amma malamanmu na Malikiyya sun sa ƙaidi: wanda ya ba yaro ajiya ko bashi, yaron ya salwantar, babu lamuni a kansa, domin mai dukiya ne ya ɗora shi a kanta. To, ka tambayi kanka tsakani da Allah. In ka miƙa masa waya katin yana buɗe, ko kai ka gaya masa lambar sirri, ba ka da abin nema wurinsa. In kuwa leƙen lambar ya yi ya shiga a ɓoye, bashi ne a wuyansa; a biya daga dukiyarsa, ko a jira ya samu.

Haƙƙinka mafi ƙarfi yana wurin kamfanin da ya sayar da kayan wasan. Wanda ya yi ciniki da kuɗin wani ba da izini ba, cinikin bai tabbata sai mai kuɗin ya yarda, kai kuwa ba ka yarda ba. Nemi a mayar maka ta shagon manhajar, kada ka bari ya kwana. A 2014 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa Apple ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 kan irin wannan sayayya ta yara. In kamfanin ya ƙi mayar maka, ga hukumar FCCPC ta Najeriya mai kare masu saye.

Akwatin sa'ar nan shi ya fi damuna. Ka biya ba ka san abin da zai fito ba: wannan cinikin garari ne, wato na rashin tabbas, da Annabi (SAW) ya hana, kuma caca ce. Beljiyam ma ta ɗauke shi a matsayin caca tun 2018. Babba ma bai halatta ya saya ba.

In mahaifin yaron ya rage maka wani abu don maƙwabtaka, ka karɓa, kyauta ce. Kuma ka cire katin daga wayar yau.

Wallahu a'alamu.