Tambaya da Amsa: Maganin karkarwa da abin da ba a haɗa shi da shi

Likita ya rubuta wa mahaifina selegiline saboda cutar Parkinson, mai sa karkarwa. Na zaga kemis uku ban samu ba, wani ya ce in sayi rasagiline, wai duk ɗaya ne. In saya?

'Yata, kwantar da hankalinki, kin kyauta da kika tambaya kafin ki fitar da kuɗi. Danginsu ɗaya, aikinsu ɗaya, amma awonsu ya bambanta. A jiki akwai wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa, mai suna MAO, iri biyu, A da B, wanda ke narkar da sinadaran ƙwaƙwalwa irin su dopamin da serotonin. Mai Parkinson dopamin ne ya yi masa ƙaranci, shi ya sa ake danne MAO-B da waɗannan magunguna biyu don ɗan abin da ya rage ya daɗe yana aiki. Selegiline galibi miligiram 5 ne sau biyu, da safe da kuma da rana. Idan aka sha da dare yana hana barci. Rasagiline kuwa miligiram 1 ne sau ɗaya a rana. Ba a shan su tare, kuma likitan Baba ne zai sauya, ba mai kanti ba. Idan kin samu, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada ki karɓi ƙwayoyin da aka ƙirga miki a leda.

Yayana yana kan selegiline. Mura ta kama shi, ga ciwon gwiwa, na sayo masa tramadol da maganin tari. Ai ba komai ko?

Akwai komai, Malam. Ajiye su yanzu.

Wannan ɗabi'ar ce ta fi damuna. Mutum zai kashe kuɗi masu yawa a asibiti, sannan ya tsaya wurin mai talla a tasha ya sayi ƙwaya biyu da canjin da ya rage, bai faɗa wa kowa abin da marar lafiya ke sha ba. Tramadol yana ƙara serotonin a ƙwaƙwalwa. Haka ma dextromethorphan da ke cikin ruwan maganin tari da yawa, da allurar kashe ciwo ta pethidine. Idan MAO a danne yake, serotonin ba ya samun mafita: sai zazzaɓi mai zafi, gumi, fizgar tsoka, rikicewar hankali, wani lokaci har rasa rai. Pseudoephedrine na maganin toshewar hanci kuma jini yake hawarwa.

Ga tramadol ɗin kansa. NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ake turawa ta bayan fage har mai 225 akwai. Wa ya san abin da ke ciki?

Kuma daina shan selegiline jiya ba ya nufin an kuɓuta yau. Selegiline kashe inzayim ɗin yake yi, sai jiki ya ƙera sabo, don haka ake jiran kwana 14 kafin a sha irin su tramadol. Wanda ya bar fluoxetine, maganin ciwon damuwa, kuwa mako biyar zai jira kafin ya fara magungunan da ke danne MAO. Juya kwalba ka karanta sinadaran da ke bayanta, ka bar sunan da ke gaba. Ciwon gwiwa a ba shi farasitamol. A rubuta sunan maganinsa a takarda ya riƙa yawo da ita a aljihu, ya nuna a kowane asibiti, domin har linezolid, maganin ƙwayoyin cuta, yana danne MAO.

An ɗora ni kan phenelzine saboda ciwon damuwa. Da gaske ne zan bar daddawa?

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Maganinki yana danne MAO-A da MAO-B duka, don haka tiramin, sinadarin da ke taruwa a abincin da aka tsima ko ya kwana biyu, yana shiga jini kai tsaye, jini ya hau lokaci guda. Wani likita a Ingila, Barry Blackwell, ya bayyana hakan a 1963 a kan masu cin tsohon cuku. Daddawa tsima ta ake yi, saboda haka ki ajiye ta har sai kin yi magana da likitanki. Haka ma nama ko kifin da ya fara sauyawa. Sabuwar madara da naman da aka yanka yau ba su da laifi. Idan kika ji ciwon kai mai tsanani ta ƙeya, wuya ya sanƙare, zuciya na bugawa, asibiti za ki nufa nan take, ba tabarma ba. Tambayi likita ko moclobemide, wani maganin ciwon damuwa, zai yi miki, dokar abincinsa ta fi sauƙi.

Na ga ana tallan methylene blue a Facebook, wai yana kaifafa ƙwaƙwalwa. Wane iri ya fi arha?

Mafi arha shi ne na rini da na wanke tankin kifi, kuma ba don cikin ɗan Adam aka yi su ba. Methylene blue yana danne MAO-A da ƙarfi, yana kuma fasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ƙarancin inzayim ɗin G6PD, matsalar da ta yawaita a tsakaninmu, da yawa ba su ma san suna da ita ba. Jarrabawa ce ke gabanka? Ɗauki littafinka, kuɗin kuma ka sayi ƙwai.