Amfilifaya Tana Gurnani: Wane Kondensa Zan Saka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar amfilifaya ƙirar Japan da ke gurnani a lasifika ko an rage murya gaba ɗaya. Manyan kondensa biyun nan an rubuta musu mikrofarad 6,800, volt 50. Na sami na 22,000 a kasuwa. In saka su? Daga mai karatu a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar na 22,000 ɗin nan. Duk lokacin da ka kunna, kondensa yana zuƙar wuta da ƙarfi har ya cika, kuma tsofaffin diyod (masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) da fis ba a yi su don wannan nauyin ba. Ka tsaya tsakanin 6,800 da 10,000.

Galibi gurnanin alama ce ruwan cikin kondensan ya bushe. Wutarmu hertz 50 ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, bayan diyod takan koma bugu 100 a daƙiƙa. Aikin kondensa shi ne cike gurbin da ke tsakanin bugun. Ka duba kansa ko ya kumbura, ko gindinsa ya yi farin gishiri.

Abin da ya fi damuna shi ne volt da zafi. Auna wutar da transifoma ke fitarwa ka ninka da 1.4: misali, volt 32 kan haura zuwa kusan 45, dab da volt 50 ɗin da aka rubuta, ga wutar gari da ke hawa da sauka. Saboda haka ɗauki na volt 63. Sannan nemi wanda aka rubuta 105°C, ba 85°C ba, domin kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kondensa biyu, ka kuwa san bazarar Damagaram cikin Afrilu da Mayu. Jabu sun yi yawa; in gwangwanin ya yi shafal a hannu, ajiye shi.

Kafin ka taɓa komai, zare wayar wuta daga soket, ka sauke cajin kondensan da rezista (mai rage gudun wuta) mai om 1,000, wat 5, har mita ta nuna sifiri. Kada ka haɗa ƙafafun da sukudireba. Canza biyun tare, kuma ka ɗauki hoto tukuna: a kondensan da ke layin negatif (−), ƙafar + ce ke haɗuwa da layin ƙasa, wato na volt sifiri, in ka juya ta kondensan zai fashe.

Kunnawar farko, jera kwan fitila mai zare na wat 60 a layin wuta, yadda wutar za ta bi ta cikinsa kafin ta shiga amfilifaya. Ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, kashe nan take ka sake duba ƙafafun da diyod.