Amsa ga mai neman wayar jita da kibod mai araha wadda za ta daɗe

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana kaɗa kibod da jita a bukukuwan aure a Nima da Mamobi, wayoyin da kake saya ba sa rufa wata uku sai su fara ƙara, kana tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi irin masu tsadar nan da ke zuwa a kwali. Shawarata: kada ka zuba kuɗinka a sunan da ke jikin kwali. Zuba shi a kan jak, wato kan wayar da ake cusawa a jita ko kibod, da hannun wanda zai haɗa maka.

Na daɗe ina ɗaukar kayan sauti zuwa wuraren biki da Maulidi, kuma yawancin wayoyin da suka mutu a hannuna a wuya suka mutu, daidai inda waya ta shiga jak. Tsakiyarta lafiya lau. Wuyan ne ke shan lanƙwasa, shi ake fizga idan yaro ya taka waya yana rawa. Su waɗannan masu arahar an narka roba ne an rufe kansu ruf, ba a kwancewa, to ranar da silin ciki ya tsinke sai bola. Mai kan ƙarfe da ake murɗewa kuwa, ka yanke ɗan inci biyu, ka sake ɗaura dalma, ta koma aiki.

Don haka ka gangara Zongo Lane ka sayi waya a yadi, ka sayi kawuna daban. Kawunan kamfanin Neutrik ne kowa ke nema, amma na jabu sun cika kasuwa, kuma in ka ji farashinsa ya yi daɗi da yawa to ka san sauran. Rean na kamfanin Neutrik ɗin ne, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ya ishe ka. Amphenol ma ba laifi. Abin da za ka duba shi ne kan yana da abin da ke damƙe rigar waya ta baya, don in an ja, ƙarfin ya tsaya a kan riga, kada ya kai ga dalma. Ruwan zinaren da ake shafa wa baki kuwa ado ne kawai a irin aikinmu, kada a ƙara maka ko sidi ɗaya saboda shi.

Ita wayar, kafin ka biya ka roƙi mai shago ya fere maka bakinta. Za ka ga sili a tsakiya cikin farar roba, sannan wasu siraran zaruruwa sun kewaye ta. Waɗannan na kewayen su ne garkuwa, su ke tare gurnanin wutar lantarki da muryar gidan rediyo da kan faɗo cikin lasifika ana tsakiyar waƙa. In ka ga zaruruwan tsilli-tsilli kana hango farar robar ta tsakaninsu, ajiye masa kayansa. Wadda aka saƙa garkuwarta kamar kitso ta fi jure taku, wadda aka naɗe kawai ta fi laushi da sauƙin dalma, duk biyun suna aiki muddin sun rufe. Sai ka kankare sili ɗaya da reza. In cikinsa ja ne, jan ƙarfe ne na gaske. In ya yi fari, alminiyam ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, yana karyewa da wuri kuma yana wahalar kama dalma. Kaurin waya daga waje ba ya nuna komai, na sha yanka mai kauri in tarar roba ce zalla. Araha ba ta ado, amma mai tsadar ma sai an fere.

Wasu wayoyin jita suna da wata siririyar baƙar leda a manne kan farar robar. Wutar lantarki tana bi ta jikin wannan baƙar. Dole mai haɗawa ya ɓare ta baya kaɗan, in ta taɓa silin tsakiya sauti zai raunana ka ɗauka wayar ce ba kyau. Masu gyaran rediyo da yawa ba su saba da ita ba, ka tsaya a kansa ka nuna masa. Ko kuma ka sayi ƙarfen dalma ka koya, aikin yini guda ne.

Tsawo: ga jita kada ka wuce mita 6. Iya tsawon waya iya yadda take shanye siririn sautin jita, sai ka ji ta dushe. Kibod ba ta cika damuwa da wannan ba, amma in miksa, na'urar da ke haɗa sautuka, tana can bayan rumfa, kada ka ja wayar jak har can. Sa DI box, ɗan akwatin da ke mayar da wayar jak zuwa ta makirfo, kusa da kai, daga nan ka tafi da wayar makirfo mai ƙafa uku, XLR, wadda ke tafiya mita 30 ba gurnani.

Abu ɗaya da nake roƙonka: wayar jita da wayar lasifika kansu kan zo iri ɗaya, amma ba a musanya su. Ta lasifika sili biyu ne masu kauri, ba garkuwa. Ka sa ta a jita, ƙugi zai hana ka sakat. Ka sa ta jita tsakanin amfilifaya da lasifika, siririn silin ya yi zafi, yana iya narkewa ya haɗe ya tafi da amfilifayar. Na ga an yi haka a wani biki, tun kafin amarya ta iso wari ya tashi. Naɗa wa na lasifika jan salatif, ko ka mayar da su masu kan Speakon gaba ɗaya, wato kan da aka yi don lasifika, wanda ba ya shiga ramin jak.

Iskar teku ta Accra tana sa bakin jak ya dushe ya yi tsatsa, saboda haka ka riƙa goge shi da busasshen tsumma bayan aiki, kada kuma ka bar jakar waya a ƙasa lokacin damina. Ka daina naɗe waya a gwiwar hannu, wannan ke murɗe garkuwa. Naɗa ta zobe-zobe, ɗaya gaba ɗaya baya. Kuma ba kowane gurnani ne laifin waya ba: in an jona ku a janareta ko soket marar waya ta ƙasa, ko mai tsadar nan ta kamfanin Mogami ka saya sai ta yi kuka. Gwajin mai sauƙi ne, jona ta, ɗaga murya kaɗan, ka girgiza wuyan kowane kai. In ta yi ƙarar-ƙarar, wuyan ne. In shiru, nemi matsalar a wajen wuta.

Da kuɗin mai kwali ɗaya za ka iya haɗa biyu ko uku. Ka haɗa ɗaya ta ajiya a jaka, don mai biki ba zai jira ka kana neman dalma ba.