Amsa: Tabarau na VR yana maganin ciwon hanji na IBS?

Malam, ka tambaya ko tabarau na VR, wato na'urar da ake sawa a ido tana nuna hotuna kamar kana cikin wurin, zai raba ka da murɗawar ciki, kumburi da gudawar IBS, ciwon hanjin da ke yawan dawowa ba tare da gwaji ya nuna rauni a hanjin ba. Ba ya warkarwa, sai dai yana iya rage zafi, domin hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo, damuwa kuma tana tsananta ciwon. Shirye-shiryen da ake kallo a tabarau ɗin, irin wanda aka gina a asibitin Cedars-Sinai na Amurka, numfashin ciki da sassauta jiki suke koyarwa. Ka fara a zaune, minti 10 kullum, ka cire da zarar jiri ko tashin zuciya ya taso.

Sharaɗin shi ne likita ya tabbatar IBS ɗin ne. A nan Sakkwato tsutsar ciki da atini suna yawan kama da shi, don haka a fara gwada bahaya. Jini a bahaya, rama, zazzaɓi ko gudawar da ke tashe ka cikin dare ba na tabarau ba ne, ka nufi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo. Kuma in albasa, tafarnuwa, wake ko madara ke tayar maka da shi, tabarau ba zai hana ba. Ka rage su na mako 4 zuwa 6, sannan ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya.